Kiɗan da Ya Hana Mu Tafiya Kudu

Akwai wasu kaset-kaset da na zo da su daga Amirka tun ina da ƙarfin ɗaukar jakata da kaina. Rikodar da nake sa su ta daɗe da mutuwa, sai jikanyata ta kai su wani shago a kasuwa aka juye mini su a cikin waya. Yanzu da hantsi, idan na fito zaure na shimfiɗa buzuna, su nake saurare. Rannan ta shigo ta same ni a kai, ta wuce cikin gida ta gama abin da ya kawo ta, ta fito ta tarar kiɗan nan ɗaya bai ƙare ba. Ta ce, "Tsoho, wai mutanen nan ba su da gidajen komawa ne? Tun ɗazu abu ɗaya suke ta nanatawa." Na ce mata ba abu ɗaya ba ne, kunnenta ne ke sauri. Ta ce, "Kai dai ka tsufa, shi ya sa duk abin da ba ya ƙarewa yake burge ka." Na yi dariya na bar ta. Waƙoƙin da ke cikin tata wayar, kafin shayi ya tafasa an yi uku, kuma idan ka sake sa su gobe haka za su fito, ko tari ɗaya babu a ciki.

Sana'ar fata ce ta kai ni can. Bayan shekarun fari da yunwa na zauna a Birni, babban garin yankinmu, wajen wani baduku, daga baya na zama mai kai kayan dukawa wuraren baje koli, jakunkuna da alabai da takalma da matasai. A haka na ga Tarabulus da Bamako da Faransi, na ƙara Larabcin kasuwa da Faransanci a kan Hausa da Barbarcin da na tashi da su, na tsinci Turanci daidai na ciniki. A Amirka wani dogon Bature mai ɗinkin sirdi ne ya sauke ni, gidansa a cikin duwatsu. Wata Asabar ya ce in ajiye kayana in zo in ga abin da mutanensu ke yi idan sun gaji da duniya. Ya kai ni wani fili, jama'a sun kafa tantuna da ƴaƴansu da karnukansu. A gaba mutum biyar suna tsaye sun yi rabin da'ira, babu ganga ko ɗaya. Akwai mai jita, akwai mai goge irin nasu da ake ɗorawa a kafaɗa, akwai mai wata ƙatuwar aba mai tsirkiya da ake tsayarwa a ƙasa kamar mutum, akwai mai ƴar ƙarama mai kaifin murya. Na biyar yana riƙe da abin da suke kira banjo. Da na ga fatar da aka ɗaure a bakinta, na ji yadda take amsawa, sai na ce a raina, wannan ai ƴar'uwar gurmi ce da ta yi nisa da gida. Kiɗan kuma sunansa bulugiras.

Waƙar kanta gajera ce. Mai masaukina ya fassara mini, duk maganar mutumin da ya bar gonar ubansa ce, da jirgin ƙasa, da uwa tana jira. Amma da sun gama baitocin sai su ajiye magana su shiga daji. Mai banjo ya ɗauki karin ya juya shi, ya kai shi inda ba ka zata ba, sauran suna riƙe masa ƙasa. Idan ya ƙoshi sai ya ɗan ɗaga haɓa, mai goge ya karɓa daga inda ya bari. Babu takarda a gabansu, babu wanda ya san inda za a dire, har su kansu. Ka ga mutum yana kiɗa amma rabin hankalinsa yana kunnensa, yana jiran abin da ɗan'uwansa zai ce. A Faransi an taɓa kai ni wani babban ɗaki, makaɗa sun fi garke yawa, kowa da takardarsa, kuma tun kafin a fara an rubuta lokacin da za a tashi. Na ji daɗinsa yadda ake jin daɗin gini mai kyau. A Tarabulus na ga direbobi suna kashe mota don kaset ɗin wata mawaƙiya da ke riƙe baiti ɗaya ta yi ta juya shi har jama'a su yi ihu. Wannan ya fi kusa da abin da na sani. Amma na cikin duwatsun nan shi ne ya sa na nemi wuri na zauna.

Da zan taho mai masaukina ya ba ni kaset-kaset ɗin nan. Ba na kanti ba ne. Mutane ne ke zuwa filin da rikodarsu su ɗauka, sannan su riƙa musaya a tsakaninsu yadda manoma ke musayar iri. Shi ya sa nake son su. Na kanti kamar hoton da aka ɗauka ranar salla ne, kowa ya gyara hula. Waɗannan kuwa kana jin kare yana haushi, kana jin jariri, kana jin wani daga baya yana kiran sunan mai goge, kana jin inda ɗaya ya yi tuntuɓe sauran suka tare shi aka ci gaba. A ɗaya daga cikinsu har ruwan sama ya sauko a kan rufin kwano, ba su tsaya ba, suka bi saurinsa. Mutum yana ji ya san rana ce guda da ta faru, ba za ta sake faruwa ba.

Na san irin wannan ranar tun kafin in san akwai wata ƙasa Amirka. Ƙauyenmu yana ƙasar Guna. Da ina yaro, gari yana farawa ne da ƙarar taɓarya, gida ya amsa wa gida, sannan kukan gugar rijiya, sannan muryar babana yana tashin samari. Gidanmu gidan noma ne, kakan babana ya yi sarautar noma, saboda haka muna da takenmu kuma muna da makaɗanmu. Duk gayya suna bayan masu hauya. Tunau ne mai gurmi, ƙanensa Jatau mai kalangu. Tunau tsaran babana ne, tare aka yi musu kaciya, shi kaɗai ne a garin ke iya gaya masa magana a fuska a yi dariya. Akwai kuma ƙa'idar da kowa ya sani ba tare da an koya masa ba. Mutum ba ya juya wa taken gidansu baya. In an fara shi, ko me ka baro, sai ka tsaya har makaɗi ya dire, don iyayenka ne ake kira ɗaya bayan ɗaya. Babana yakan ce wanda ya tafi ana kiran ubansa, to ya shirya a tafi ana kiran nasa sunan.

Sai fari ya zo, ya sake zuwa. Abin da na fi tunawa shi ne shiru. Taɓarya ta daina, don babu abin dakawa. Shanu sun daina kuka. Mata suna fita da asuba su tsinko anza, a yi ta jiƙa ta ana zubar da ruwan har ɗacin ya ragu, yara kuma suna kakkaɓe ƙarangiya don ɗan ƙwayar da ke ciki. Ba gayya, ba biki, gurmin Tunau yana rataye a bango. Gida-gida mutane suka fara ɗaure kaya suna yin Kudu, wajen Daura da Kano, a ƙafa.

A lokacin ina saurayi da aurena na fari, kuma mai ɗakina tana da tsohon ciki. Bisa al'ada gidan iyayenta ya kamata ta je goyon ciki, amma iyayen sun riga sun yi Kudu, ba mu ma san inda suka sauka ba. Ƙafafunta sun kumbura, daga ɗaki zuwa bakin randa sai ta dafa bango. Ungozomar garinmu ta duba ta, ta ce wa innata cikin ya sauka, abin ba nisa. A cikin wannan hali babana ya faɗa a ƙofar masallaci, a gaban dattawa, cewa zai fita da gidansa gaba ɗaya, tare da gidan maƙwabcinmu Ɗan Lami. Malamin garinmu ya duba musu rana, ya ce a tashi da safe, idan rana ta take tsaka ba a ɗaga ba sa'ar ta wuce, sai wani wata ya kama. Ba mugunta ba ce ta sa babana. Rumbu ya ga ƙasa, rijiya sai an jira ta, kuma bakuna da yawa ne a wuyansa. Amma jaki ɗaya ya rage mana, shi ma ƙashi da fata, kuma tafiyar kwanaki ce a cikin zafin bazara. Kowa a gidan ya san yarinyar nan ba za ta kai ba, ko ita ko abin da ke cikinta, ko duka biyun.

A zamaninmu ɗa ba ya zama ya yi gardama da ubansa, balle a kan matarsa, balle a kan cikin fari da ko ambatonsa kunya ne. Na sami innata tana matse anza. Na ce, "Inna, ki yi masa magana." Ta ce, "Na yi." Na ce, "Me ya ce?" Ta ce, "Ya ce ya riga ya faɗa a gaban mutane." Na ce, "To in abin ya zo a hanya fa?" Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Kar in ƙara jin wannan a bakinka. Je ka duba igiyar jaki."

Ranar ta zo. Mun ɗora wa jaki kaya, mata sun ɗaure ƙullinsu, mai ɗakina tana zaune a kan turmin da aka kifar a cikin zaure tana numfashi da baki. Babana ya fito da sandarsa da butarsa. Sai ga Tunau da Jatau sun ɓullo ta bayan danga, riguna suna lilo a jikinsu don rama. Tunau ya ce, "Au, haka za ka sulale ba sallama, kamar wanda ya ci amana?" Babana ya ce, "Ba ni da abin ba ka, Tunau." Ya ce, "Wa ya tambaye ka? Da kana da shi ma me ka taɓa ba ni, in ban da dawa mai ƙwari?" Ya zauna a ƙasa, ya ɗora gurmin a cinya, ya ɗan murɗa tsirkiya. Ya ce, "Tsaya in kira maka mutanenka, ka tafi da su."

Taken gidanmu ba dogo ba ne. A gona, kafin mai hauya ya kai ƙarshen kunya an gama shi. Tunau ya fara shi yadda aka saba, ya kira baban babana, muka sunkuyar da kai. Amma da ya zo inda ake wucewa zuwa suna na gaba, sai bai wuce ba. Ya saki baki ya bar yatsu. Ya ɗauki karin nan da na sani tun ina goye, ya bi da shi ta wata hanya, ya hau, ya sauko, ya tsaya a kan tsirkiya ɗaya yana ta tona ta kamar mai neman ruwa. Can ya ɗaga haɓa, Jatau ya matse kalangu a hammata ya karɓa, kalangun yana faɗin kirarin da baki bai faɗa ba. Ya mayar wa Tunau. Sai a sannan aka kira suna na biyu. Mutane suka fara fitowa daga gidaje, waɗanda suka daɗe ba su fito ba, suna jingina da danga. Jakin ya yi kuka, Tunau ya kwaikwaye shi a gurmi, wata tsohuwa ta yi dariyar da ta ƙare da tari. Tsirkiya ɗaya ta tsinke. Na ce shi ke nan. Amma Jatau ya riƙe kiɗan shi kaɗai, bai bar ko numfashi ɗaya ya faɗi ƙasa ba, har wansa ya ƙulla ta da haƙori ya dawo.

Ɗan Lami ya matso kusa da babana. Ya ce, "Malam, rana fa tana yi." Babana ya ce, "Kana ji ana kiran ubana." Ɗan Lami ya koma ya tsaya, ya sake dawowa. Ya ce, "Wannan ba sallama ba ce, riƙo ne. Tunau, ka ji tsoron Allah, da yara a tafiyar nan." Tunau bai ko ɗago ba. Ɗan Lami yana da gaskiyarsa, taken ba na gidansu ba ne, ba abin da ya ɗaure shi. Ya yi wa babana sallama, ya ce ya same su a hanya, ya kora mutanensa suka wuce. Babana yana tsaye a rana, hannu biyu a kan sanda, bai motsa ba.

Ni kuwa inuwar zaure nake kallo. Na riga na gane abin da Tunau yake yi, kuma na gane ƙarfinsa ba zai kai ba. Mutum ne da ya kwana biyu bai ci abin kirki ba. Muryarsa ta dishe, yatsansa ya fashe. Kuma sunaye sun ƙare. Ya kira kakan babana mai sarautar noma, wanda daga shi sai direwa, ya ja shi iyakar ja, ya zagaya, ya sake zagayawa. Inuwa kuwa da sauranta, ta fi kamu. Na ji kiɗan yana saukowa a hankali, yana neman wurin zama. Na leƙa zaure, mai ɗakina ta dafa bango tana ƙoƙarin miƙewa.

Sai babana ya yi magana, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Ka tsallake Magaji." Tunau ya ce, yatsunsa ba su tsaya ba, "Wane Magaji?" Ya ce, "Ƙanen kakana. Ko an daina lissafa shi ne don ba shi da mai ba ka goro?" Tunau ya ɗago ya dube shi. Suka dubi juna ɗan lokaci, tsofaffin nan biyu. Sannan Tunau ya ce, "Af! Tsufa ne. Jatau, kai ma ba ka tuna mini." Ni dai ban taɓa jin an ambaci wani Magaji a gidanmu ba, kafin ranar ko bayanta, kuma ban tambaya ba.

Mutumin nan ba shi da take, ba shi da kirari, dole Tunau ya ƙera masa a nan take. Kuma shi ne kiɗa mafi kyau da na taɓa ji a duk yawon da na yi. Ya ba shi gona, ya ba shi hauya mai nauyi, ya ba shi damina irin ta da. Inda magana ta ƙare masa gurmi ya ci gaba, inda gurmi ya gaji kalangu ya ɗauka. Ba su san inda za su ba, sai dai kowanne yana sauraren ɗan'uwansa. Da ya sake yin kamar zai sauko, babana ya ce, "Yana da mata ai." Mata ba sa shiga take, kowa ya sani, aka fashe da dariya. Innata, wadda ban taɓa jin muryarta a waje ba, ta rangaɗa guɗa daga cikin zaure da busasshen maƙogwaro. Tunau ya kira matar Magaji, ya yabi furarta a garin da aka manta ƙamshin fura.

Da inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafafunmu, Tunau ya dire. Shiru ya dawo. Babana ya ɗaga kai ya dubi rana, kamar sai yanzu ya lura da ita. Ya ce da ƙarfi, don na jikin danga su ji, "Sa'a ta wuce. Ku sauke wa jakin nan kaya." Ya juya ga Tunau ya ce, "Ka ga abin da ka yi? Ka ɓata mini tafiya." Tunau yana tsotsar yatsansa. Ya ce, "Ni na ce ka tara kakanni? Ba ni ruwa, marowaci." Babana ya miƙa masa butarsa.

Ba wai daga nan wahala ta ƙare ba. Mun ci gaba da anza, jakin ma daga baya ya tafi, kuma sai da aka jima kafin jar dawar taimako ta iso wajenmu, ita ma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mutanen Ɗan Lami sun isa, amma sun baro kabarin tsohuwarsa a wani gari a hanya. Tunau da Jatau su ma sun yi Kudu kafin damina, ba mu ƙara jin labarinsu ba. Rikoda ba ta iso ƙauyenmu ba a lokacin, babu wanda ya ɗauki kiɗan nan, kuma waɗanda suka ji shi kusan duk sun rigaye ni.

Kwanaki kaɗan bayan ranar, da la'asar, naƙuda ta tashi. Aka kore mu waje. Ni na rasa inda zan sa kaina, ina ta kai da kawowa a bayan danga, ina jin kunyar a gan ni. Babana yana zaune a ƙofar zaure yana jan carbi kamar ba abin da ya dame shi. Abin ya daɗe, ya yi tsanani, ungozoma ta fito ta koma, ta sake fitowa ba ta dubi kowa ba. Sai muka ji kukan, siriri amma da ƙarfinsa. Innata ta leƙo ta ce, "An sauka lafiya, uwa da ɗa." Babana ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya ce, ba da ni yake ba kuma ba da kowa ba, "Da yanzu muna hanya, bayan garin Magarya, a gindin ƙaya." Ya jawo buta zai yi alwala, ruwan yana kauce wa hannunsa yana zuba a ƙasa, a shekarar da ko yaro ba ya zubar da ruwa. Na durƙusa na karɓi butar na zuba masa. Bai hana ni ba.